YAKUWA A GARKAR GIDA: SHIBKA ƊAYA, AMFANI UKU

Daga Gaya har Damagaram, daga Tawa har Maraɗi, da wuya mutum ya shiga kasuwar ƙauye ko ta birni bai tarar da yakuwa ba. In damina ce, ga ɗanyen ganye an ɗaure dami-dami; in kaka ta yi, ga jan zoɓorodo an cika tiya da shi; kuma kowane lokaci na shekara ga daudawar batso a faifan mata. Amma duk da haka, idan aka je gona, yakuwa ita ce ake tunawa da ita daga baya. Sai an gama shibkar hatsi da wake da gujiya, sannan a yafa ta a bakin iyaka don ta raba gonar wane da ta wane, ko kuwa a bar wa mata su sa ta a gefen gamanarsu. Ba a ba ta taki, ba a yi mata maimai, abin da ta bayar a karɓa.

Wannan raini bai dace da ita ba. Tsiro ne wanda ake cin ganyensa, a sha abin da furensa ya bari, a yi daudawa da ƙwayarsa, kuma ba ya neman fili mai yawa. Gindin katanga, bayan ɗaki, gefen rijiya, ko'ina aka samu taki goma na ƙasa da rana ke bugu, yakuwa za ta iya zama. Saboda haka muka ga ya kamata mu yi wa ƴan uwa masu karatu bayanin yadda ake nomanta a cikin gida, tun daga zaɓen iri har zuwa ajiya.

Asalinta da sunayenta

Yakuwa ƴar ɗaki ɗaya ce da kuɓewa da rama da kaɗa. Wanda ya dubi furen waɗannan huɗu zai ga kamar uwa ɗaya ta haife su: ganyen fure biyar, fari-fari ko rawaya-rawaya, da duhu a tsakiya. Masana tsirrai suna kiranta Hibiscus sabdariffa, da Faransanci kuwa oseille de Guinée. Ƴan uwanmu Zabarmawa suna ce mata gisima. Abin shan da ake yi da ita ya zagaya duniya da sunaye iri-iri: bisap a Senegal, wanda shi ne sunan da ya bi bakin mutanen biranenmu, zoɓo a Najeriya, sobolo a Gana, karkade a Sudan da Masar, hamaika a ƙasar Meziko.

Bahaushe ya ba kowane sashe nata suna. Ganyen shi ne yakuwa, wasu su ce sure. Ɓawon nan mai kauri da ke rungume da ƙwanson iri bayan fure ya faɗi, shi ne zoɓorodo ko soɓorodo. Ƙwayar da ke ciki kuwa ita ce gurguzu. Da yawa suna ɗauka furen ne ake jiƙawa a sha, alhali furen yini ɗaya kawai yake yi: ya buɗe da safe, kafin la'asar ya yanƙwane, kashegari ya faɗi. Mazaunin da ya bari shi ne yake ci gaba da kumbura yana yin ja, har ya zama zoɓorodo.

Me ya sa a cikin gida?

Dalili na farko shi ne lokacin da take zuwa. Kowane magidanci ya san watannin Yuli da Agusta: rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, aikin gona ya yi tsanani, kuɗin cefane ya ƙare. A daidai wannan lokaci ne yakuwa take cika da ganye. Ƙasarmu ta ga farin 1973 da 1974, ta ga na 1984, wanda bayansa gwamnatin Shugaba Seyni Kunce ta tashi tsaye wajen kiran jama'a zuwa noman rani, ta kuma ga ƙarancin abinci na 2005, lokacin da mutanen karkara da dama suka koma ga anza da ganyayen daji. Darasin da waɗannan shekaru suka bari shi ne, gidan da yake da ɗan abin miya a bayan ɗaki ya fi wanda ya dogara ga kasuwa kaɗai jure wuya.

Dalili na biyu shi ne kulawa. Yakuwar bakin gona tana hannun bisashe da masu wucewa, kuma mai ita ba ta ganinta sai ranar da ta je gona. Ta cikin gida kuwa kullum tana gaban ido. Ruwan alwala, ruwan wankin hatsi da na ɗaurayar ƙwarya, waɗanda ake zubarwa a banza, sun isa su tsare ta idan ruwan sama ya yi jinkiri. Tokar murhu da kashin awaki suna nan kusa. Tsohuwa da ba ta iya zuwa gona, da yaran da suka taso daga makaranta, duk suna iya sa hannu.

Zaɓen iri da wuri

Kafin a shibka, sai a san abin da ake nema. Akwai irin da aka fi so don ganye da gurguzu, mai ƙaramin zoɓorodo. Akwai kuma mai babban zoɓorodo mai kauri, wanda a wasu sassan ƙasarmu ake kira ware. A cikinsa akwai ja wur, akwai mai duhu kamar baƙi, wanda ya fi rina ruwa, akwai kuma fari, wanda mata suke so don miya da fate. Mafi kyaun iri shi ne wanda aka gani da ido a tsaye a garkar maƙwabci, aka roƙa ko aka saya. Gurguzun da ake aunawa a kasuwa don daudawa gauraye ne, ba a san abin da zai fito ba. Wanda yake kusa da malamin gona, sai ya nemi shawararsa. Tun 1975 ƙasarmu take da cibiyar binciken aikin gona ta INRAN, wadda ɗaya daga manyan tashoshinta take Tarna, kusa da Maraɗi.

Game da wuri, abu biyu yakuwa take ƙi: inuwa da kwanciyar ruwa. Idan aka sa ta ƙarƙashin dogon yaro ko mangwaro, sai ta yi tsawo siririya, ba reshe, ba fure. Idan kuma aka sa ta inda ruwan indararo yake taruwa ya kwana, saiwarta za ta ruɓe, a wayi gari ta yanƙwane ko da ƙasa tana jiƙe. Jigawa mai ɗan taki ita ce abin sonta. Inda ƙasa take da laka, sai a ɗaga kunya a shibka a kai. A nisanta ta da masai da kwatar wanka, domin abin da za a ci ne. Saiwarta tana nutsawa ƙasa ƙwarai, shi ya sa take jure ƙishirwa, don haka a kafce wurin da zurfi kamar kamu ɗaya da rabi, a fid da duwatsu da tsummokin leda.

Takin gida wanda ya ruɓe sosai ya ishe ta: cikin tafi biyu a kowane rami, a gauraya da ƙasa. Kada a cika mata taki, balle na zamani irin ure. Yawansa yana sa ta yi ta zuba ganye, ta yi nawar fure. Sannan kada a manta da danga. Akuya ba ta san wahalar mai garka ba, kuma abin da aka yi wata biyu ana reno tana iya gamawa da shi kafin a sauke tukunya.

Lokacin shibka, wanda shi ne asirin abin

A nan ne mutane da yawa suke yin asara ba su san dalili ba. Yakuwa ba ta ƙidaya kwanakin da ta yi a ƙasa kafin ta yi fure, tsawon yini take bi. Muddin yini ya fi dare tsawo, sai ta yi ta girma tana yin rassa da ganye. Sai yini ya fara gajarta, ya sauko wajen awa 12, sannan take juyawa ga fure. A kudancin ƙasarmu yini mafi tsawo yana cikin watan Yuni, kusan awa 13. Wajen 23 ga Satumba dare da yini suke daidaita. A Disamba kuwa yini bai fi awa 11 da ƴan mintoci ba. Shi ya sa yakuwar da aka shibka a Yuni da wadda aka shibka a Agusta suke yin fure kusan tare, daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. Bambancinsu shi ne, ta Yuni ta samu wata uku ko fiye tana gina jiki, ta kai ƙirjin mutum ko ta wuce, da rassa masu yawa, kuma kowane reshe zai jera zoɓorodo. Ta Agusta kuwa fure zai riske ta tana ƙarama, abin da za ta bayar bai taka kara ya karya ba.

Ke nan mai son zoɓorodo da gurguzu ya shibka da ruwan farko mai kyau, a Yuni ko farkon Yuli. Mai rijiya ko famfo a gida yana iya riga damina da mako biyu ko uku, yana ban ruwa. Haka kuma wanda ya shibka ta cikin ɗari, a garkar rani, kada ya yi mamaki in ya ga ta yi fure tun ba ta kai gwiwa ba. A wannan lokaci ganye kaɗan za a samu, sai a yi ta tsinke kanta don a ja kwanakinta.

Ga yadda ake shibkar. A yi rami mai zurfin gaɓar yatsa, wato santimita 2 zuwa 3, a sa ƙwaya 3 zuwa 5, a rufe, a ɗan danna. In an jiƙa irin ya kwana cikin ruwa, ya fi saurin fitowa. Cikin mako guda za a ga tsiro. Don zoɓorodo, a bar santimita 60 zuwa 80 tsakanin rami da rami, da mita ɗaya tsakanin layi da layi. Katanga mai tsawon mita 10 za ta ɗauki rami 13 zuwa 16. Don ganye kaɗai, ana iya matse su, kamu ɗaya tsakani, a ɗan fangali dabam.

Reno

Bayan mako uku sai a rage, a bar biyu mafi ƙarfi a kowane rami. Waɗanda aka cire ba a yar da su, su ne miyar farko. A yi noma da wuri, domin a watan farko yakuwa tana da nawar tashi, ciyawa tana iya danne ta. In ta rufe ƙasa kuwa, ita ce take danne ciyawa. Idan ta kai gwiwa, a tsinke kan tohon sama. Wannan yana sa ta fid da rassa ta gefe, kuma yawan rassa shi ne yawan fure.

Daga mako na shida ana iya fara ɗiban ganye. Amma a yi hankali, ganye shi ne yake ciyar da tsiro. Uwargidan da take zage shi kullum har kara ya tsaya tsirara, kada ta sa ran zoɓorodo mai kauri. Dabara ita ce a raba garka biyu: layin miya, wanda za a riƙa tsinka yadda ake so, da layin zoɓorodo, wanda ba za a ɗauki komai a jikinsa ba sai ƴan ganyen ƙasa, kuma da an ga ƙullin fure a daina taɓa shi.

Idan damina ta ɗauke da wuri, kamar yadda takan yi a wajen Tawa da arewacin Damagaram, inda ruwan shekara yakan tsaya wajen milimita 400 ko ƙasa da haka, lokacin fure yakan zo ƙasa ta bushe. A nan ne garkar gida take nuna fifikonta a kan gona: ban ruwa sau biyu a mako, a gindi, da maraice, ya isa ya cika zoɓorodo.

Abokan gaba

Akwai wasu ƙananan ƙwari masu tsalle kamar ƙuma, waɗanda suke huda ganye ya zama kamar rariya. Su ne dai suke damun kuɓewa. Akwai darɓa, mai taruwa a bayan ganye da kan toho. Akwai jan ƙwaron nan na kaɗa, mai tsotse ƙwanso lokacin da iri yake nuna. A cikin gida, inda yara da kaji suke yawo kuma ake tsinkar ganye a kai tukunya, bai kamata a nemi maganin feshi na kanti ba. Barbaɗa toka da sassafe, tun raɓa ba ta bushe ba, yana rage masu hudar ganye. In abin ya yi yawa, a daka ƴaƴan dogon yaro busassu kamar rabin kilo, a jiƙa cikin lita 10 na ruwa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a yayyafa da maraice, a maimaita bayan mako guda. Jan ƙwaro kuwa a kakkaɓe shi cikin kwano mai ruwan sabulu.

Akwai kuma abokin gaba na ɓoye, wata tsutsa da ido ba ya gani, mai shiga saiwa ta sa ta yi ƙulu-ƙulu. Tsiron da ta kama ba ya girma, kuma yana yanƙwanewa da rana ko an ba shi ruwa. Tana son kuɓewa da tumatir da yalo kamar yadda take son yakuwa. Maganinta shi ne sauya wuri: kada a maimaita yakuwa a gurbi ɗaya shekara da shekara, kada kuma ta gaji gurbin waɗannan ukun. A tumɓuke wadda ta kamu a ƙone.

Girbi da shanya

Zoɓorodo yana isa ɗiba mako biyu zuwa uku bayan furensa ya faɗi, lokacin da ya cika, yana ƙyalli, yana karyewa ƙaras in an lanƙwasa. Ba ya nuna gaba ɗaya: na ƙasan reshe ne yake fara isa, a bi shi zuwa sama. A riƙa zagayawa kowane mako da wuƙa ko almakashi. Ɗiba a kan kari yana sa na sama su ƙara cika, wanda aka bari ya tsufa kuwa yakan yi tauri da zare.

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne raba ɓawon da ƙwanson iri. Wasu suna tsaga shi da wuƙa ta gefe, wasu suna yanke gindin su tura ƙwanson da ɗan bututu ya fita ta sama, ɓawon ya zauna ɗungum, wanda ya fi kyaun gani a kasuwa. Ƙwanson yana da ƙaiƙayi, saboda haka a shafa ɗan mai a hannu.

Wajen shanya ne ake gane mai tsabta. A shimfiɗa tabarma ko buhu mai kyau a kan rumfa ko gado, a baza shi ba tuli ba, a riƙa juyawa, a kwashe da maraice saboda raɓa. Iskar hunturu tana busar da shi cikin ƴan kwanaki. Inda iska take ratsawa, da ɗan inuwa, ya fi tsare masa launi a kan rana mai ƙuna. Kada a shanya a ƙasa ko a bakin hanya, inda ƙura da kaji da awaki za su bi ta kai. Kada kuma a yi mamakin raguwarsa: wajen kilo 10 na ɗanye ne yake ba da kilo ɗaya na busasshe. In ya bushe har yana ƙara a hannu, a zuba a buhu mai tsabta, a rataye inda laima ba ta kai. Ganyen da ya yi saura shi ma a shanya shi a inuwa, don miyar rani.

Irin baɗi kuwa, tun tsiro yana tsaye ake zaɓensa. A sa alama a kan biyu ko uku mafi lafiya da yawan ƴaƴa, a bar ƙwansonsu ya bushe a jiki har ya fara tsagewa, a yanke, a ƙarasa shanyawa, a sussuke, a gauraya da toka, a rufe cikin kwalba ko gora.

Daga garka zuwa tukunya

Ba sai an koya wa matan ƙasarmu miyar yakuwa ba, ko kwaɗonta da ƙuli-ƙuli, ko yadda tsaminta yake tashin taushe da fate. Abin tuni kawai shi ne, yawan kanwa da daɗewa a wuta suna kashe wani sashe na amfanin ganye. Gara a tafasa shi kaɗan a tsiyaye ruwan farko in tsamin ya yi yawa.

Gurguzu abinci ne mai gina jiki, domin wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa sinadarin gina jiki ne irin wanda ake samu a wake da nama, ga kuma mai. Da shi ake daudawar batso, wadda Zabarmawa suke kira mari bi, mutanen Burkina Faso bikalga, na Mali datu, na Sudan furundu. Ana wanke shi, a dafa shi tsawon yini har ya yi laushi, a rufe shi kwana biyu ko uku ya ruɓa, a kirɓa a turmi da ruwan toka, a sake rufewa, sannan a dunƙula a shanya. A gidan da nama ba ya shiga sai ranar kasuwa ko ranar salla, wannan daudawa tana ƙara wa miya abin da dunƙulen kanti ba ya ƙarawa, domin shi yawancinsa gishiri ne da ɗanɗano.

Zoɓorodo kuwa, da citta da kanumfari da na'ana'a, shi ne abin buɗa baki a watan azumi da abin tarbar baƙi a biki da suna. Likitoci ma sun dube shi. A 2010 masana na jami'ar Tufts ta Amurka sun buga sakamakon gwajin da suka yi wa mutum 65 masu ɗan hawan jini: waɗanda suka sha kofi uku na ruwan zoɓorodo kullum har mako shida, awon jininsu na sama ya sauka da wajen maki 7. Wannan ba ya nufin mai hawan jini ya ajiye maganin da likita ya rubuta masa. Ya dai gaya wa likitan yana sha. Kuma wanda ya cika shi da sukari ya rushe da hagu abin da ya gina da dama. Saboda tsaminsa, kada a bar shi ya kwana cikin tukunyar ƙarfe ko ta alminiyam.

Abin da ya fi ƙarfin gida, kasuwa tana jiransa. Mata da yawa a Yamai da Maraɗi da Damagaram suna biyan buƙatun ɗiyansu da bisap mai sanyi. Busasshen zoɓorodo kuma haja ce mai ƙetare teku: jihar Jigawa ta Najeriya, maƙwabciyar Damagaram, tana cikin manyan masu nomansa, ƴan kasuwa suna tara shi a Maigatari da Kano, Meziko kuwa tana cikin manyan masu saye. Mai garkar gida ba zai cika mota ba, amma tiya biyu ko uku da aka shanya da tsabta, aka ajiye har azumi, kuɗin sabulu ne da na littafin makaranta.

Kira

Muna kira ga magidanta da su ba iyalinsu gindin katanga da ƴan kara na danga. Muna kira ga ƙungiyoyin mata da su riƙa musayar iri mai kyau tsakaninsu, ga malaman makaranta kuma da su sa layin yakuwa a garkar makaranta, don yara su ga da idonsu yadda tsiro yake bin tsawon yini. Ba a neman bashi, ba a neman inji, ba a jiran taimako daga waje. Cikin tafi ɗaya na gurguzu, da hauya, da shibka a kan kari, sun wadatar. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda yake son miya a Agusta da zoɓorodo a Nuwamba, to, tun bazara zai nemi irinsa ya gyara wurinsa, ruwan farko ya tarar da shi a shirye. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.